Dashen Fereskiya a Sakkwato: Tambayoyi da Amsoshi kan Kaktus Mai Ganye

Tun da furannin nan ruwan hoda suka fara leƙowa ta saman katangar gidanmu, da wuya mako ya wuce wani bai yi sallama ya nemi reshe ba. Ina bayarwa, don ni ma ba ni aka yi. Sai dai bayan wata guda mutum yakan dawo da busasshen kara a hannu, ko ruɓaɓɓe, da tambayar da na riga na ji daga bakin wani. Waɗannan tambayoyin ne na tattara a nan, daga masu sauƙi zuwa waɗanda sai mutum ya fara dashen yake cin karo da su.

Mene ne Fereskiya, kuma da gaske kaktus ne?

Kaktus ne, ko da yake wanda ya hango shi daga nesa zai ɗauka wani irin lemo ne. Wanda nake magana a kai shi ne masana tsirrai ke kira Pereskia grandifolia, ɗan asalin Birazil. Yana tashi da rassa da yawa tun daga gindi, ya kai mita 2 zuwa 5, ganyensa faffaɗa mai ɗan kauri da sheƙi, furensa na fitowa gungu-gungu a bakin reshe. An sa wa danginsa wannan suna don tunawa da wani masani Bafaranshe, Nicolas-Claude Fabri de Peiresc, wanda ya rasu a 1637. A wasu sababbin littattafai za ka ga Rhodocactus grandifolius. Tsiro ɗaya ne, suna kawai aka sauya.

Shaidar kasancewarsa kaktus tana hammatar ganye. Duba daidai inda ganye ya haɗu da kara, za ka ga ɗan tudu mai gashi-gashi kamar an manna ƙwayar auduga. Daga nan ƙaya ke fita, daga nan kuma sabon reshe ke tohowa. Ni ido nake kiransa, kamar yadda muke cewa idon rake. Kowane kaktus yana da wannan ido, kuma babu wani tsiro da ba kaktus ba mai irinsa. Ka riƙe kalmar, za ta dawo a amsar da ke kan yankan reshe.

Ba dangin aguwa da tinya ba ne?

A'a. Aguwa da tinya da ƙerana dangin Euphorbia ne, 'yan gida ne a nan Afirka. Kaktus kuwa daga nahiyar Amurka ya fito, in ka cire iri ɗaya tak da ke rataye a kan itatuwa a dazukan Afirka da Madagaska da Siri Lanka. Gwajin ba shi da wuya: karya ɗan reshe. In farin ruwa kamar nono ya fito, dangin aguwa ne, ka kiyaye idonka da shi, musamman na tinya. Ruwan Fereskiya garau yake, da ɗan yauƙi.

Wannan bambanci ba na suna kaɗai ba ne. Mun saba ganin manomi ya sari aguwa ya kakkafa a bakin gona, ba ban ruwa, ba inuwa, ta kama abinta. Mutane da yawa da wannan ido suke kallon Fereskiya, shi ya sa yake mutuwa a hannunsu.

To tun da kaktus ne, ai zafin Sakkwato ba zai dame shi ba?

Wannan tambaya ce ta fi kowace cin rassa. Kaktus ɗin hamada da muke gani a hotuna ya yar da ganyensa, ya mai da karansa randa, sannan yana rufe ƙofofin numfashinsa da rana ya buɗe su da dare, lokacin da iska ta yi sanyi, don kada ruwan jikinsa ya tsere. Fereskiya bai bi wannan hanya ba. Akasari da rana yake numfashi kamar mangwaro ko gwaba, ta faffaɗan ganye, kuma duk numfashi da ruwa yake fita. Inda ya fito daji ne mai damina da rani, ba hamada ba. Babba mai saiwa yana jure fari, ya zubar da ganye ya jira. Reshen da aka yanko jiya ba shi da saiwar da zai rama abin da ganye ke fitarwa.

Karo na farko da na gwada, a watan Afrilu ne. Rassa goma sha biyu na jera cikin baƙar leda a kan dakalin siminti, rana na dukansu daga hantsi har la'asar, don na ji an ce kaktus ne. Kwana huɗu ganye ya yi laushi kamar an tafasa, kafin mako biyu duk sun ƙone, ko ɗaya bai tsira ba. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya shekara talatin yana lambu a fadamar Rima ya ɗauki ɗaya ya jujjuya. Na ce, "Baba, me ya kashe su?" Ya ce, "Ɗana, wanga icce ba ɗan rana ba na. Icce mai faɗin ganye hakanga, ruwa shika so." Bai taɓa jin sunan tsiron ba, amma ganyen ya karanta, kuma daidai ya faɗa.

Inda muka yi sa'a shi ne batun sanyi. Fereskiya ba ya jure ƙanƙara, mu kuma ko a tsakiyar hunturu ba mu san ta ba. Abokan gabarsa a nan su ne zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, da busasshiyar iskar hunturu.

Wane lokaci ya fi dacewa a yanki reshe?

Bayan damina ta zauna, wato daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli. Iska ta yi laima, zafi ya sauka, uwar tsiron kuma tana cikin toho, jikinta cike da ƙarfi. Ruwan da Sakkwato ke samu a shekara bai fi kimanin milimita 600 zuwa 700 ba, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, don haka ƙofar gajera ce. Reshen da ya kama a Yuli yana da wata biyu zuwa uku na damina da zai yi saiwa kafin hunturu.

Agusta ma ana iya yi, amma fa a ƙarƙashin rufi, don marka na ruɓar da ɗanyen gindi. Farkon Oktoba yana yi ga wanda zai iya kula da ban ruwa duk rani. Daga Disamba zuwa Fabrairu tsiron na barci, reshe sai ya zauna shiru ba saiwa ba toho. Bazara kuwa, ka ga abin da ta yi mini a amsar da ta gabata.

Wane reshe zan zaɓa, kuma yaya zan yanka?

Nemi wanda ya fara ƙwari amma bai tsufa ba, mai kaurin fensir ko ɗan yatsa, wanda launinsa ke barin kore zuwa toka-toka. Ɗanyen kan reshe mai laushi saurin yaushi gare shi. Tsohon gindi mai ɓawo yana kamawa, amma da nawa, ga tarin ƙaya.

Tsawo taƙi ɗaya ya isa, wato santimita 15 zuwa 25, da ido huɗu ko biyar. Gasa bakin wuƙa ko reza a wuta, bari ta huce, ka yanka sau ɗaya a ɗan ƙasa da ido, kada ka yi ta sassaƙa. Cire ganyen ƙasa duka, bar biyu a sama, su ma ka raba kowanne biyu da almakashi. Yana da ciwo a ido a ga an datse kyakkyawan ganye, amma rabin ganye rabin asarar ruwa ne. In akwai fure ko ƙunshinsa a kai, cire shi. Da sassafe ake yanka, kafin rana ta ɗaga. Kuma tun a wurin ka yi wa gindi alama, don in ganye ya zube da wuya a gane sama da ƙasa, reshen da aka dasa a kife kuwa ba ya zuwa ko'ina.

Ƙayarsa baƙa ce, siririya, tana ratsa safar hannu ta roba. Ninka kwali ka riƙe reshen da shi.

Kwana nawa zan shanya shi kafin in dasa?

Kwana ɗaya zuwa biyu, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Abin da ake nema shi ne bakin yankan ya ƙame, in ka taɓa da yatsa ba danshi ba yauƙi. Shawarar da ake ji ta a bar kaktus mako ɗaya ko biyu ta masu kaurin jiki ce, waɗanda ke da ajiyar ruwa. Siririn reshen Fereskiya in ya yi mako a iskar Sakkwato ya zama makamashi. A lokacin marka za ka iya ƙara kwana ɗaya. Ni nakan dangwala bakin yankan a garin gawayi kafin in ajiye, yana sa shi saurin bushewa.

Wace irin ƙasa zan haɗa?

Don kamu, rairayi ne kan gaba. Ba lallausan yashin da iska ke tarawa a gindin katanga ba, wannan in ya jiƙe cushewa yake yi. Mai tsakuwa-tsakuwa na bakin gulbi, irin wanda magina ke saye. Kashi biyu na wannan, kashi ɗaya na ƙasar lambu, da ɗan dakakken gawayi. Jiƙa shi ka dunƙule a hannu. In ka buɗe tafi ya wargaje, ya yi. In ya tsaya kamar curin fura, ƙara rairayi.

Kada ka sa taki a wannan mataki. Reshe marar saiwa ba shi da bakin ci, ɗanyen taki kuma zafi gare shi, ga jawo gara. Laka ta fadama zalla ma ka bar ta, tana riƙe ruwa fiye da kima sannan ta dare in ta bushe, ta tsinke ƙananan saiwoyi. Taki yana da lokacinsa, duba amsar da ke kan mayar da shi ƙasa.

Leda ko tukunya?

Tukunyar ƙasa mai huda a gindi ta fi. Tana zufa kamar randa, ƙasar ciki ta yi sanyi. Baƙar leda in rana ta same ta zafi take ɗauka har ta dafa saiwa. In leda ce a hannunka, ko ta fiya wata ce, huda ta wuri biyar ko shida, ka jera su manne da juna a inuwa, a kan ƙasa, ba a kan siminti ba.

Yaya zan ba shi ruwa kafin ya yi saiwa?

A nan ake faɗuwa, ta ɓangare biyu. Wanda ya ji an ce kaktus ne sai ya hana shi ruwa. Wanda ya ji na ce ganyensa na son ruwa sai ya mai da tukunyar tafki. Reshe marar saiwa ba ta gindi yake shan ruwa sosai ba, abin da yake buƙata shi ne ƙasa mai ɗan danshi da iska mai laima a kewaye da ganye.

Ga yadda nake yi. Na jiƙa ƙasar tun da dare, da safe ta tsane. Na huda rami da tsinke, na zura reshen har ido biyu su nutse, na danna gefe da yatsa don ya tsaya. Ba na ƙara ruwa sai bayan kwana uku. Daga nan kullum da safe nakan soka yatsa har gaɓa ta biyu. In na ji sanyin danshi, na wuce. In ƙasa ta zubo daga yatsa a bushe, na zuba kamar rabin kofin shayi a gefen tukunya, ba a jikin kara ba. A damina wannan kan zama sau biyu a mako. Ganyen kuwa nakan yayyafa masa ruwa safe da yamma a ranar da ba hadari.

Wurin ajiya shi ne inuwa mai haske: gindin dogonyaro, ko rumfar zana, ko gefen gabas na ɗaki inda ranar safe kaɗai ke taɓawa. Masu rufe reshe da gorar roba da aka yanke suna yin daidai a wuri mai sanyi, amma a nan in rana ta sami gorar ko na awa ɗaya ne, ta gama da shi. In za ka yi, cire murfin gorar, kuma kada ta bar inuwa. Ruwan sama ya fi kowane. Wasu rijiyoyin burtsatse suna barin farin gishiri a bakin tukunya. In ka ga haka, bayan reshen ya kama, ka riƙa yi masa ambaliya sau ɗaya a wata har ruwa ya fita ta gindi ya wanke.

Ta yaya zan gane ya kama?

Yawanci tsakanin mako biyu zuwa huɗu. Rabin ganyen da ka bari zai miƙe ya yi ƙarfi, ido ya kumbura ya fitar da ɗan toho. Amma toho kaɗai ba hujja ba ne, reshe na iya toho da ragowar ƙarfin jikinsa alhali ba saiwa. Kama shi da yatsa biyu ka ɗan ja sama a hankali. In ka ji ƙasa ta riƙe, ya kama. Kada ka tumɓuke don ka gani da ido, sabuwar saiwa kamar zare take.

Gindin ya yi baƙi ya yi laushi. Akwai sauran dabara?

Ruɓa ce, daga yawan ruwa, ko ƙasa mai nauyi, ko dasawa kafin baki ya ƙame. Cire shi yau. Yanka sama da baƙin, ka duba cikin karan. In da ɗigo mai launin ƙasa-ƙasa a tsakiya, sake gasa wuƙa ka ƙara yankawa sama, har ka iske fari-kore tas. In ido biyu ko uku sun rage, shanya shi kamar yadda na faɗa a sama, ka dasa a sabon rairayi. Tsohuwar ƙasar a zubar, tukunyar a wanke a kife a rana.

Zai yi saiwa a cikin kwalbar ruwa? Hodar saiwa fa?

Yana yi, kuma abin sha'awa ne ga yara su ga fararen saiwoyi na fitowa. Sai dai a riƙa canja ruwan duk kwana biyu, don a zafinmu saurin lalacewa yake, a kuma mayar da shi ƙasa tun saiwar ba ta wuce gaɓar yatsa ba. Ni rairayi na fi so, saiwar da ta fito a cikinsa ba ta shan wahalar sauyin wuri. Hodar saiwa da ake sayarwa ba ta da laifi, amma wannan tsiro ba ya buƙatarta. Kuɗinta a sayi tukunya.

Yaushe zan mayar da shi ƙasa, kuma a ina?

Bari ya yi sababbin ganye huɗu zuwa shida, saiwa ta fara leƙowa ta hudar tukunya, kamar mako shida zuwa takwas ke nan. Kafin nan ka saba masa da rana kaɗan-kaɗan, awa ɗaya na safe, sannan biyu, cikin kwana goma. Wanda ya kama a Yuli zai iya shiga ƙasa a farkon Satumba. Wanda ya makara gara ya yi rani a tukunya, ya jira damina mai zuwa.

Wurin da ya fi masa shi ne inda zai sha ranar safe ya tsira daga ta azahar zuwa la'asar, kamar gabashin katanga. Haƙa rami kamu ɗaya zurfi da faɗi, gauraya ƙasarsa da ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu wanda ya shekara. Dasa da yamma, a daidai zurfin da yake a tukunya, ka ba shi ruwa sosai, ka rufe gindin da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye ba tare da ya taɓa kara ba. Ka yi tunanin shekara uku gaba: itace ne mai ƙaya da zai yi faɗi, kada ya zama a hanyar yara ko inda ake shanya. A Birazil shinge ake yi da shi, in shi kake so ka bar kamar mita ɗaya tsakani.

Hunturu ya shigo ganye duk ya zube. Ya mutu ne?

Karce ɓawon da farce. In kore ne a ciki, barci yake, haka yake yi a ƙasarsu da rani. Rage ruwa, babba sau ɗaya a mako ko kwana goma, ƙaramin tukunya in ƙasa ta bushe. Mai ganin ganye ya zube ya ninka ruwa shi ke ruɓar da saiwa, don ba ganyen da zai ja ruwan. Ƙanana kuwa a kare su da zana ta gefen arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa, a riƙa wanke ƙurar da ke kwanciya a ganyen da ya rage. Da zafi ya fara a Maris sai a ƙara ruwa, a ninka abin rufe gindi.

Me ke cin sa?

Awaki ne na farko. Ƙaramin dashe ƙayarsa ba ta yi ƙwari ba, jar akuyarmu kuwa ba ta barin ɗanyen ganye a tsakiyar rani. A kewaye shi da waya ko ƙaya har ya wuce kai. Gara na bin gindin da aka tara wa ɗanyen taki ko kara, don haka ka riƙa ɗaga abin rufin kana dubawa.

Sai farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ke ɓuya a hammatar ganye. Da yake idon tsiron ma gashi gare shi, mutane kan rikita su. Murje da tsinke, in ya fashe da ruwa ƙwaro ne. Ruwan sabulu marar ƙarfi da ɗan man dogonyaro, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako. In ganye ya yi ɗigo-ɗigo rawaya da siririyar yana a bayansa lokacin hunturu, ƙananan ƙwari ne masu son bushewa, wanke bayan ganye da ruwa akai-akai yana rage su.

Yaushe zai yi fure?

Reshen da aka yanko daga uwar da ta riga ta fara fure ba ya daɗewa, sau da yawa a damina ta biyu. Wannan na cikin dalilan da suka sa dashe ya fi shuka iri. In ya yi ganye shar ba fure, ko dai inuwa ta yi yawa ko taki ya yi yawa. A bakin sabon reshe yake fure, saboda haka a yi masa aski a ƙarshen bazara, ba bayan ya yi toho ba. 'Yan rassan da za ka yanka da damina kuwa su ne irin dashenka.

An ce ana cin ganyensa, gaskiya ne?

Wanda ya yi suna a tukunya ɗan'uwansa ne, Pereskia aculeata, mai yaɗo da farin fure. A jihar Minas Gerais ta Birazil suna kiransa ora-pro-nóbis, suna dafa shi da kaza ko wake, yana da yauƙi kamar lalo ko karkashi, kuma an san shi da yawan sinadarin gina jiki. Ganyen namu mai furen hoda ma wasu na dafawa a can. Sharaɗina biyu ne: ka tabbata abin da ke hannunka Fereskiya ne ta gwajin ido da na ruwa da na bayyana a farko, kuma kada a ci wanda aka yi wa feshin magani.

In na samu mai yaɗon, ko aka ce za a aiko mini daga waje, in karɓa?

Mai yaɗon ka yi hattara da shi. A Afirka ta Kudu ya tsere daga gidaje ya lulluɓe dazuzzuka, har hukuma ta sa shi cikin tsirran da aka hana shukawa, aka shigo da ƙwari daga Kudancin Amurka don su rage shi, na farko a 1991. Abin da ya ba shi wannan ƙarfi shi ne abin da muke yabo a nan: ɗan guntun reshe da aka yar yana kamawa. Tudun Sakkwato ya yi masa bushewa, amma fadamar Rima da bakin madatsar Goronyo ba su rasa danshi. In kana da shi, ya zauna a tukunya cikin gida, rassan askinsa a shanya su bushe ƙarau a ƙone, kada a zuba a juji ko magudana.

Batun aikowa daga waje kuwa, shigo da tsiro Najeriya yana buƙatar izinin hukumar killace kayan noma ta ƙasa, NAQS, da takardar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya fito. Reshen da ya yi kwanaki a ƙunshe cikin kwali ma da wuya ya iso da rai. Ka fara tambayar masu sayar da fulawa, ka nuna musu hoton furen da na idon, don da suna ba lallai su gane ba. In ka samu a wani gari, a yanko shi ranar tafiya, a cire ganye, a naɗe da takarda ba leda ba, kuma ya zauna cikin mota kusa da kai, ba a but ba.